Maigida ya kulle fasfona a akwati, 'yan sanda kuma sun tare ni a tasha

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, wata takwas ke nan da na biyo maigidana Jamus da ɗanmu ɗan shekara biyu. Muna zaune a wani gari da ke yammacin ƙasar, dab da iyakar Holan. Tun ranar da muka karɓo katina na izinin zama, Abban yaron ya haɗa shi da fasfona da na yaron ya kulle a wata 'yar akwatin ƙarfe, makullin kuma yana tare da makullan motarsa. Ya ce yana ɗalibi ya taɓa yar da nasa fasfon a jirgin ƙasa, ya yi wata da watanni yana wahala kafin ya samu sabo, har wani aiki ya kuɓuce masa. Ya ce kuma abokinsa da ke Ingila ya shekara goma bai taɓa fita da fasfo ba. Hoton fasfon kawai ya tura min a waya. Makon jiya ina dawowa daga makarantar koyon Jamusanci, 'yan sanda biyu suka tsayar da ni a tashar jirgin ƙasa. Na nuna musu hoton, suka ce bai isa ba. Suka shigar da ni ofishinsu, yaro yana ta kuka, sai da maigida ya baro wurin aiki ya je gida ya ɗauko takardun. Ba su ci ni tara ba, ba su kuma wulaƙanta ni ba, amma tun ranar na kasa fita, ko mai kaki na hango ta taga sai gabana ya faɗi. Maigida ya ce tsautsayi ne kawai, tunda ba a ci tara ba ai doka tana bayansa, ya mayar da takardun akwati. Ga shi matan da muke zumunci da su sun ce mu tsallaka Holan sayayya ranar Lahadi. Anti, shin dole ne baƙo ya riƙa yawo da fasfo? Kuma ta yaya zan fahimtar da maigida ba tare da na zama marar kunya ba?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan firgici, Allah ya kiyaye gaba. Tsayuwa gaban 'yan sandan ƙasar da ba ki gama jin harshenta ba, ga yaro yana tsala kuka, ga jama'a suna wucewa suna waiwaye, ba ƙaramin abu ba ne. Kada ki yarda kowa ya ce miki kin cika tsoro.

Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne ya zaunar da ke a ofishin 'yan sanda. Dokar Jamus ba ta ce baƙo ya riƙa yawo da fasfo a jikinsa duk inda ya sa ƙafa ba, shi ya sa ba a ci ki tara ba. Abin da dokar zaman baƙi ta ƙasar ta ce a sashe na 3 shi ne dole baƙo ya mallaki fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Sashe na 48 kuma ya ce idan hukuma ta nema, sai ya gabatar da fasfon tare da izinin zamansa. To ke da aka ɗora wa nauyin gabatar da abu in an nema, alhali abin yana cikin akwati, makullin akwatin kuma yana aljihun wani a wurin aiki, da me za ki gabatar? Nauyin nan a wuyanki doka ta rataya shi, ba a wuyan mijinki ba. Babu ɗan sandan da zai karɓi “yana hannun maigidana” a matsayin shaida.

Idan ɗan sanda yana da hurumin tambayar ko ke wace ce, kika kuma kasa nuna abin da zai gamsar da shi, doka ta ba shi dama ya dakatar da ke, ya duba jakarki, ya kai ki ofis ko ya raka ki gida ki ɗauko, in ta kama ma a ɗauki zanen yatsu. Tsarewar da ake yi don tantance mutum, a yadda aka saba, ba ta wuce sa'a 12. Wannan ba hukunci ba ne, ba kuma a rubuta ki a mai laifi. Amma uwa mai ƙaramin yaro ba ta da sa'a 12 da za ta bayar, ko sa'a biyu ma sun yi mata yawa. Don haka zancen ba a ci tara ba bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba. Wunin da ya salwanta, da aikin da shi kansa ya baro, da tsoron da ya hana ki fita har yau, duk asara ce.

Hoton waya kuwa kada ki ga laifinsu da suka ƙi shi. Hoto kowa zai iya gyara shi, ba shi da hatimin da ake dubawa da haske, ba shi da ɗan ƙwaƙwalwar nan da ke cikin fasfo da katin zama. Amfaninsa ɗaya ne: yana ba ɗan sanda suna da ranar haihuwa da lamba, ya buga ya duba ki a babbar rajistar baƙi ta ƙasa. Wani in ya duba ya ga komai daidai sai ya sallame ki, wani kuma ba zai yarda ba, kuma babu dokar da ta tilasta masa yarda.

Ga abin da nake ganin ya fi. Katin izinin zamanki, wannan na roba da Jamus ta fara bayarwa tun 1 ga Satumba, 2011, wurinsa jakarki ne kullum, ko shago za ki leƙa sayen burodi. Yana ɗauke da hotonki da adireshinki da irin izinin da aka ba ki, kuma a zirga-zirgar cikin gari shi ne yake kashe magana a mafi yawan lokuta. Ki haɗa shi da kwafin shafin farko na fasfonki a kan takarda. Fasfon kansa zai iya zama a gida ranar da makaranta ko kasuwa kawai za ki, a nan na yarda da maigida, domin sabunta kati ya fi sabunta fasfo sauƙi. Sai dai ki sani katin ba ya maye gurbin fasfo a idon doka, sai wanda aka rubuta masa hakan a jikinsa. Ke nan ana iya cewa ki kawo fasfon, kuma dole ya kasance inda hannunki zai kai gare shi ba tare da kin kira kowa ba.

Akwai wuraren da babu sassauci, fasfon ne da kansa. Na farko shi ne aiki. Idan wata rana kika fara aiki a gidan abinci, ko otal, ko kamfanin shara da goge-goge, ko wurin jigilar kaya, ko masana'antar nama, dokar yaƙi da aikin ɓoye ta wajabta wa ma'aikatan irin waɗannan wurare, da na gine-gine, su kasance da ainihin takardar shaidarsu a wurin aiki. Jami'an kwastan ne ke zuwa dubawa ba sanarwa, tarar kuma tana iya kai wa yuro 5,000. In aikin maigida yana cikin waɗannan, to shi ma ya kamata ya sake tunani a kan nasa fasfon.

Na biyu shi ne tsallaka iyaka, wato tafiyarku ta Lahadi. Na san abin da ke jan matan Jamus zuwa can: shagunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, na Holan da yawa a buɗe, ga shi kuma ƙasar atamfa ce, masaƙar Vlisco tana garin Helmond. Bas za ki hau, kafin ki gyara zama kin shiga wata ƙasa, ba shinge ba ƙofa. Wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane. Izinin zamanki na Jamus ya ba ki damar ziyartar sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma da sharaɗin kina riƙe da fasfo da katin tare. Ɗaya ba ya tafiya ba ɗaya. Yaron ma haka, nasa fasfon da nasa izinin, ko da a bayanki yake. Kuma lamarin ya ƙara tsauri: daga 16 ga Satumba, 2024, Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, Holan ma ta fara nata a ranar 9 ga Disamba, 2024. A cikin Holan ɗin kanta, tun 2005 duk wanda ya kai shekara 14 dole ya iya nuna shaida in ɗan sanda ya nema, in ba haka ba tara ce. Saboda haka in takardun ba su fito daga akwati ba, ki ba matan nan haƙuri, kada ki hau wannan bas ɗin. Mafi munin abin shi ne a tare ki a hanyar dawowa, kina ƙofar ƙasar da gidanki yake amma ba ki da abin da zai nuna kina da izinin shiga.

Zamanku dab da iyaka shi ma yana da nasa tasiri. 'Yan sandan tarayya, waɗanda ke kula da tashoshi da jiragen ƙasa da filayen jirgin sama, suna da ikon tambayar shaida a cikin kilomita 30 daga iyaka domin hana shigowa ba izini, ba sai mutum ya yi wani laifi ba. Wadda ke zaune a tsakiyar ƙasa tana iya shekara ba a tambaye ta ba. Ke kuwa ki sa a ranki za a sake, ki shirya.

Ba zan ɓoye miki ba, launin fata da hijabi suna cikin abin da ke sa ido ya sauka a kanmu kafin ya sauka kan wasu. Wannan ba zarginmu ba ne mu kaɗai, kotunan ƙasar sun faɗa. A 2012 babbar kotun gudanarwa da ke Koblenz ta saurari ƙarar wani ɗalibi baƙar fata, Bajamushe, da aka tambaya shaida a jirgin ƙasa, ta ce zaɓar mutum saboda launin fatarsa ya saɓa wa sashe na 3 na tsarin mulkin Jamus. A 2018 kotun Münster ta yanke cewa binciken da aka yi wa wani a tashar Bochum bai halatta ba, saboda wannan dalilin. A 2022 kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Jamus da laifin rashin bincikar ƙorafin Biplab Basu yadda ya kamata, mutumin da aka tambaya shaida shi da 'yarsa a jirgin da ya taso daga ƙasar Cek. Na kawo miki waɗannan ne don ki san ba ke kika yi laifi ba da aka tsayar da ke, kuma akwai inda ake kai kuka: hukumar yaƙi da wariya ta tarayya tana karɓar ƙorafi, kuma tun 2024 majalisar dokoki ta naɗa jami'i na musamman mai sauraren ƙorafi a kan 'yan sandan tarayya. Amma ƙorafi bayan an rabu ake yin sa, a rubuce. A kan dandamalin tasha, ki ba da katin tukuna.

In aka sake tsayar da ke, ki tsaya, ki gaishe su, ki faɗa musu za ki buɗe jaka kafin ki sa hannu a ciki. Sunanki, ranar haihuwa da wurinta, matsayin aure, sana'a, adireshi da ƙasarki, waɗannan dole ki faɗa, kuma ki faɗi gaskiya, domin ƙin faɗa ko faɗin ƙarya yana jawo tarar da ke kai wa yuro 1,000. Abin da ya wuce wannan, irin ina za ki, wa za ki gani, nawa mijinki ke samu, ba dole ba ne ki amsa. Kina da damar tambayar dalilin da ya sa aka tsayar da ke. In za a laluba jikinki, a ƙa'ida mace ce za ta yi, ki nemi hakan da bakinki. In kina sa niƙabi, dole ki buɗe fuska a gwada da hoton, amma za ki iya roƙon a koma gefe. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki fahimta ba, ki ce a kawo tafinta. Ki roƙi malamarku ta Jamusanci ta koya miki waɗannan jimloli huɗu ko biyar, ki haddace su. Rabin tsoron nan na rashin abin faɗa ne. Kuma ki koma makarantar nan da wuri, ana lissafa halarta, ranar jarrabawa ma sai kin nuna shaida kafin ki zauna.

Abokin maigida na Ingila bai yi ƙarya ba, ƙasarsa daban ce kawai. A Ingila babu dokar da ta ce mutum ya riƙe shaida a titi, katin ɗan ƙasa ma da suka fara sun soke shi bayan zaɓen 2010. Da zai tsallaka Faransa, doka ta ce baƙo ya iya nuna takardun zamansa, ana kuma iya riƙe shi har sa'a 24 ana bincikar izininsa. A Italiya, baƙon da ya ƙi nuna fasfo da izinin zama ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba yana fuskantar ɗaurin da ke kai wa shekara ɗaya da tarar yuro 2,000. A Beljiyam, maƙwabciyarku, daga shekara 15 ake riƙe shaida. A Amurka baƙon da ya kai 18 dole ya riƙe takardar rajistarsa. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guwanzu sun san a ƙasar Sin daga shekara 16 baƙo da fasfonsa yake yawo, 'yan'uwanmu na Saudiyya kuma ba sa rabuwa da iƙama. Kowace ƙasa da nata, kuma shawarar wanda ke zaune a wata ƙasa ba ta fitar da mutum daga ofishin 'yan sandan wata.

Yanzu sai maganar maigida, wadda ita ce ta fi damuna. Ban ɗauke shi mugu ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma duk wanda ya taɓa neman sabon fasfo a ƙasar waje ya san abin da ya sha. Tsoronsa na gaskiya ne, ki fara da amincewa da shi. Kada ki tayar da zancen yana shigowa a gajiye, kada kuma ki buɗe da “ai ga abin da ka jawo min”. Ki bari ya ci abinci ya huta, yaro ya yi barci, ki ce masa wani abu kamar haka: “Abban yaro, na san don kada takardun su ɓata kake adana su, kuma na gode. Amma ranar nan na ga yadda ka baro aikinka a guje saboda ni, ba na so a sake. Ka bar min katin a jakata, fasfo ya zauna a akwati, ka yanko min makulli ɗaya.” Kin ga ba ki ce ya yi kuskure ba, ba ki kuma nemi a fasa adanawa ba. Makulli na biyu kika nema.

Sannan ki tuna masa abin da ba ma fata amma yana faruwa. In ya yi tafiyar aiki ta kwana uku da makullin a aljihunsa fa? In rashin lafiya ta kwantar da shi asibiti? In aka bugo waya daga gida cewa jikin mahaifiyarki ya yi tsanani, ga jirgi da daddare? Ko saƙo aka ajiye miki a gidan waya, sai da shaida za ki karɓa. Namijin da ya ɗauko 'yar mutane ya kawo ta wata duniya, amanar da ke kansa ita ce ya bar ta a halin da za ta iya tsayuwa da ƙafarta ranar da ba ya kusa. In yana ganin maganarki ce kawai, ku je tare ofishin ba baƙi shawara. Ƙungiyoyi irin su Caritas da Diakonie da AWO suna da su a garuruwa da dama, kyauta ne, ya ji daga bakinsu. Maza da yawa sun fi karɓar magana in ta fito daga wani ofis.

Ina kyautata zaton zai yarda. Amma tunda wasu matan za su karanta wannan, dole in ƙarasa. In aka yi bayani, aka kawo hujja, aka roƙa, miji ya ce shi dai makulli ɗaya ne kuma a hannunsa zai zauna, to maganar ta tashi daga tsoron ɓata. Fasfo mallakar gwamnatin da ta bayar da shi ne, ta damƙa shi ga mai sunan da ke ciki, kuma babu wanda aure ko aiki ya ba shi ikon hana mai shi. A nan sai ki sanar da waliyyinki ko yayanki, ko limamin da maigida yake jin nauyinsa, tun abin bai yi nisa ba. In ana tsorata mace da cewa izinin zamanta a hannun miji yake, ta sani gaskiya ne izinin yana rataye da auren a shekara uku na farko, amma sashe na 31 na dokar zaman baƙi ya yi tanadi ga wadda ake cutarwa tun kafin shekarun su cika. Akwai kuma layin taimakon mata na ƙasa, 116 016, kyauta dare da rana, ba sai an faɗi suna ba, kuma suna haɗa mutum da tafinta na Turanci ko Faransanci ko Larabci.

Ranar da aka buɗe akwatin, ku yi aiki ɗaya tare. Ku ɗauki hoton kowane shafi mai rubutu na fasfo ukun da katunan gaba da baya, ku adana a imel ɗinki da nasa, ku buga kwafi biyu a takarda. Wannan ne zai rage wahalar da yake tsoro in wani abu ya ɓata: a kai rahoto wurin 'yan sanda a karɓi takarda, a sanar da ofishin baƙi na garinku ba da jinkiri ba, sannan a nemi sabo a ofishin jakadancin Najeriya da ke Berlin ko ƙaramin ofishin da ke Frankfurt, da lambar NIN a hannu. Ku duba ranar ƙarewar kowane fasfo, musamman na yaron, ku rubuta a inda ido zai riƙa gani. Sau da yawa ofishin baƙi ba ya ba da katin da zai wuce wa'adin fasfo, kuma in aka yi sabon fasfo sai an koma an sabunta katin ya dace da sabuwar lamba. Zama a Jamus da fasfon da ya mutu, ba tare da wata takarda a madadinsa ba, shi ne ainihin abin da doka ta ɗauka laifi, hukuncinsa kuma yana iya kai wa ɗaurin shekara ɗaya ko tara. Ku fara neman sabuntawa tun da sauran wata shida ko fiye. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya yaron.